Tsadar Kayan Majigin Japan Ga Mai Sha'awa a Ƙasar Daura

Duk malamin makarantar da ya saba duba bangon littattafan almajiransa a 'yan shekarun nan, ko a cikin birnin Daura ya ke koyarwa, ko a Mai'aduwa, ko Zango, ko Ɓaure, ko Sandamu, da wuya a ce bai taɓa cin karo da zanen wani yaro mai dara-daran idanu da gashi tsaye cirko-cirko kamar ƙayar bushiya ba. In ya tambaya sai a ce masa ai Naruto ne, ko kuwa Goku. Mutanen zane ne na cikin wani irin majigi da a ke yi a ƙasar Japan, wanda su can su ke kira anime, yaranmu kuwa su kan ce katun. Littattafan zanen da a ke ɗauko yawancin labarun daga cikinsu, su a ke kira manga.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Ƙungiyar kamfanonin majigin zane ta Japan ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2023 cinikin wannan sana'a ya haura yen tiriliyan 3, fiye da rabinsa kuwa daga ƙasashen waje ya fito. Amma abin mamaki, mai sha'awar da ke waje, wanda shi ne yanzu ke ɗauke da rabin kayan, shi ya fi biya da tsada, shi ne kuma a ke hana wa abubuwa da yawa ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. In kuwa an jera masu sha'awar nan na waje sahu-sahu bisa ga nisansu da kanti, to, saurayin Daura yana can wajen sahun ƙarshe. Tun da ya ke 'ya'yan malamai da na akawuna su ne kan gaba wajen wannan kallo, kuma aljihun iyayensu a kan dosa, ya kamata a san inda kuɗin ke tafiya.

Majigin nan ya daɗe da shigo mana, sai dai ba mu san sunansa ba. Waɗanda suka yi ƙuruciya wajen ƙarshen shekarun 1980 sun tuna da Voltron a telebijin na NTA, wanda asalinsa aikin Japan ne, Amurkawa suka yanka suka sake masa murya a 1984. Daga baya da faranti mai kama tashoshin Larabawa ya yawaita a kan soraye, sai ga Spacetoon wadda aka buɗe a shekarar 2000, da MBC3 a 2004, yara suka riƙa kallon ɗan ƙwallon nan Kyaftin Majid suna zaton Balarabe ne, alhali sunansa na yanka Tsubasa. Sa'an nan aka yi zamanin faifan da a ke cusa wa fim ashirin a ciki, yau kuma ga wayar hannu. Duk waɗannan hanyoyi kusan kyauta su ke. Tsadar ba ta bayyana sai ran da saurayi ya girma ya ce shi na ainihi ya ke so, watau faifan kamfani, ko littafin, ko rigar da ba jabu ba.

Ba yau aka fara ba

Sayen kayan nesa da tsada ba baƙon abu ba ne a ƙasar Daura, domin tana kan hanyar fatake tsakanin Damagaram da Kano. Lokacin da Bature Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarad da yadin Manchester, da takubban Solingen na Jamus, da duwatsun ado na Venice a kasuwa, duk raƙuma sun ratso Sahara da su daga Tarabulus. Ko wane zango aka sauka sai kuɗin kaya ya ƙaru, ga ladan madugu, ga fito, ga gaisuwar sarakunan hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta juya kudu, kantunan John Holt da G.B. Ollivant da sauransu suka karɓi cinikin.

Akawunan En'e na shekarun 1950 ma sun san wannan sha'ani. Mutum ya kan sami littafin hotunan kaya na Oxendale da ke Manchester, ko na Lennards masu takalma a Bristol, ya zaɓa, ya je gidan waya ya sayi takardar kuɗi ya aika, ya zauna jiran ƙunshinsa wata biyu ko uku. Amma akwai wani abu guda da akawun wancan zamani ya fi jikansa na yau morewa: fam ɗin da a ke biyansa albashi da shi daidai ya ke da fam na Ingila, sule da sule, kwabo da kwabo. Abin da ya gani rubuce a littafin, shi zai biya, sai kuɗin aikawa da na fito.

Har majigin Indiya da ya zama kamar namu, araha ce ta kawo shi. Kwarori, watau 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima, waɗanda suka buɗe Rex a Kano tun 1937, sun lura cikin shekarun 1950 cewa hayar fim na Bombay ta fi ta na Amurka sauƙi, suka gwada, jama'a kuwa suka karɓa hannu biyu. Kayan Japan sun bi akasin wannan hanya. An fara sonsu tukuna, sa'an nan aka tarad da tsadarsu.

Me ya sa ya ke da tsada tun daga gida?

Tushen abin yana komawa ran 1 ga watan Janairu 1963, ranar da aka fara nuna Astro Boy na Osamu Tezuka a telebijin na Japan. Tezuka ya yarda ya sayar wa tashar da ko wane kashi a kan kuɗin da bai kai abin da ya kashe ba, da niyyar ya fanshe hasararsa ta wajen masu alewa da kayan wasa da ke biyansa don su manna hoton yaron a kan hajarsu, da kuma sayar da fim ɗin ga Amurka. Dabarar ta ci, ta kuwa zama al'ada. Tun daga ranar, majigin ya zama kamar talla, ribar tana cikin tarkacen da ke biye da shi. Gundam da aka fara a 1979 an datse shi tun bai kai inda aka shirya ba saboda ƙarancin masu kallo, sai da kamfanin Bandai ya fito da 'yan siffofinsa na roba waɗanda a ke harhaɗawa a 1980, sa'an nan ya farfaɗo, har yau kuwa ana cin moriyarsa.

Yanzu yadda a ke yi, kamfanoni da dama ne ke haɗa jari su kafa kwamiti a kan ko wane fim: mai buga littafi, da mai faifai, da mai waƙa, da mai kayan wasa, da gidan telebijin. Kowa ya zuba nasa, kowa kuma ya riƙe haƙƙin ɓangarensa. Da yawa daga cikin finafinan nan da tsakar dare a ke nuna su, kwamitin ne ma ke biyan tasha kuɗin lokacin. Masu faifai kuwa sun daɗe da gane cewa masu sayensu 'yan kaɗan ne amma 'yan gani-kashe-ni, in an rage kuɗi ba sa ƙaruwa sosai, in an ƙara ba sa gudu. Saboda haka suka tsaya a kan tsada.

To, ga lissafi, tun da masu karatunmu ma'abota lissafi ne. Fim mai kashi 12, ko wane kashi kamar minti 24, a kan raba shi a faifai shida, kashi biyu-biyu, ko wane faifai wajen yen 7,000. A cikin 2024 yen ɗaya ya kama kamar Naira 10. Faifai ɗaya ke nan Naira 70,000, watau daidai da mafi ƙanƙantar albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar. Duka shidan Naira 420,000, albashin wata shida, a kan kallon da bai cika awa biyar ba. Wannan fa kuɗinsa ne a kan kanta a Tokyo, tun bai motsa ba, kuma galibi ba fassara a ciki.

Littattafan sun fi dama-dama, amma yawansu ke kashe mutum. Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014, littafi 72 ne. Ko wane ɗaya wajen yen 500 a Japan, amma fassararsa ta Turanci a Amurka dala 10 ce zuwa 12. In an ɗauki dala 10 a kan canjin Naira 1,500, jimla ta haura Naira miliyan ɗaya, ko da ya ke wanda ya sayi na cikin akwati gaba ɗaya ya kan sami ragi mai kauri. One Piece kuwa, da aka fara tun 1997, ya wuce littafi 100.

Gyaran da ba na kowa ba

A nan ne abin ya fi ban sha'awa, ya kuma fi ban haushi. Mu a kasuwarmu in ka sayi mudun gero mai awo ta kan ƙara maka ɗan tafi, mu ce gyara. Gyaranmu daga cikin abin da ka saya ne, kowa ya saya ya samu, ba ya kuma hana ka zuwa rumfar maƙwabciya gobe. Mutanen Japan ma suna da gyara, amma sun mai da shi tarko.

Ga yadda ya ke. In faifai zai fito, kamfani ya kan shirya da manyan kantuna, irin su Animate da Gamers da Sofmap da Amazon na Japan, a ba ko wane kanti nasa gyaran dabam. Wanda ya saya a wannan kanti a ba shi hoton bango, na wancan a ba shi ƙaramin faifan hira da masu murya, na can kuma ɗan littafin labarin da ba a buga shi ko ina ba. Faifan ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, gyaran ne ya bambanta. Wanda ya ke son ya haɗa duka, sai ya sayi abu guda sau uku ko sau huɗu, akwai kuwa masu yi. Sa'an nan akwai babban gyara wanda ba a ba da shi sai ga wanda ya sayi duka faifan shida a kanti ɗaya, sau da yawa akwatin da za a jera su a ciki ne. In ka sayi biyar a nan ɗaya a can, ka tashi a tutar babu. Har wa yau akwai gyaran bugun farko, wanda in ya ƙare ya ƙare, da takardar shiga ƙuri'a a cikin faifai don samun kujera a wajen taron da masu murya za su fito, taron da a Tokyo za a yi shi.

Gidajen silima ma ba a bar su a baya ba. Lokacin da aka fito da fim ɗin Demon Slayer na jirgin ƙasa a watan Oktoba 2020, an raba wa 'yan kallon farko wani ɗan littafi na musamman, daga baya aka riƙa sauya kyautar don mutum ya sake dawowa. Fim ɗin ya tara fiye da yen biliyan 40 a Japan kaɗai, ya kuma fi ko wane fim ciniki a duniya a shekarar. A watan Agusta 2025 kuwa kamfanin abinci na McDonald's a Japan ya sa katin Pokémon a cikin abincin yara, sai 'yan kasuwar bayan fage suka yi dafifi suna saye da yawa, su zare katin su watsar da abincin a titi, har kamfanin ya tsai da rabon tun kwanakin da ya ɗiba ba su cika ba, ya kuma ba da haƙuri. A ganinmu wannan ya isa shaida cewa dabarar ta wuce gona da iri.

Mai sha'awa na waje fa? Shi yana ganin hotunan waɗannan abubuwa a wayarsa ran da aka sanar da su, daidai da ɗan Tokyo, sha'awarsa ta motsa daidai da tasa. Amma kantuna da yawa ba sa aikawa waje, waɗansu ba sa karɓar katin bankin waje, waɗansu kuma in sun aika faifan sai su cire gyaran. Abin da ya rage masa sai ya saya daga hannun wanda ya riga shi, a kan ninki biyu ko uku. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala.

Akwai kuma katangar da aka gina da gangan a cikin faifan kansa. Masu DVD sun raba duniya yanki-yanki: Amurka yanki na 1, Japan da Turai na 2, Nijeriya da yawancin Afirka na 5, na'urar wani yanki kuwa ba ta karanta faifan wani. Da aka zo Blu-ray sai aka sa Japan da Amurka a yanki ɗaya, mu da Turai a wani. Wannan ya tsorata kamfanonin Japan, don faifan Amurka ya fi nasu araha nesa ba kusa ba, suna gudun kada mutanensu su riƙa odarsa daga can. Sai suka shiga sa wa Amurkawa sharuɗɗa: a jinkirta fitowa, ko a kulle fassara yadda ba ta ciruwa, ko a tsawwala kuɗi. A 2012 har an fitar da wani faifai a Amurka da aka hana a sa masa muryar Japananci sam. Rigimar tsakanin Tokyo da Amurka ce, amma duk wanda ke saye ta hannun Amurka, har da mu, shi ma ya sha. Mu dai abin da ya cece mu a zamanin DVD shi ne na'urorin Sin masu araha da ba ruwansu da yanki.

Daga Tokyo zuwa tashar mota

A ce saurayi ya ƙudura sai ya saya. Da fari sai ya nemi dillali a Japan. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, kamar Buyee da Tenso da ZenMarket, su saya da sunansu, a kai musu ma'ajiyarsu, su ɗauki la'ada a kan ko wane abu, su ɗaure su aiko. Dillali dai dillali ne ko a ina. Sai kuɗin jirgin sama, wanda kamfanonin aike irin su DHL ba nauyi kaɗai su ke dubawa ba, har da girman kwali. 'Yan siffofin roban nan da a ke ajiyewa don ado, waɗanda manyansu kan kai yen 15,000 zuwa 30,000, rabin kwalinsu iska ce, iskar ma sai an biya mata. (Su dai waɗannan ba su cika damun mutanenmu ba, don gidaje da yawa ba sa yarda a girke siffa a ɗaki saboda abin da malamai suka faɗa a kanta. Riga da littafi da hoto sun fi shiga.) A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gidan wayar Japan ya dakatar da aike zuwa ƙasashe da yawa, kayan mutane suka yi watanni a ma'ajiya.

Biyan kuɗin ma wani aiki ne. A cikin 2022 bankunan Nijeriya suka rage abin da mutum zai iya kashewa a waje da katin Naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, ba su sake buɗewa ba sai tsakiyar 2025. A tsakanin nan sai wanda ke da asusun dala, ko ya bi ta hannun 'yan canji irin na Wapa a Kano.

In kaya sun sauka sai kwastan. Kuɗin fito ba a kan kuɗin kaya kaɗai a ke lissafa shi ba, har da na jirgi da inshora, sa'an nan a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairu 2020. A nan an sami ɗan sauƙi: daga watan Satumba 2025 Hukumar Kwastan ta yafe fito a kan ƙananan aike da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Abin dariya, a ƙarshen watan Agusta na shekarar ne Amurka ta soke irin wannan rangwame nata na dala 800, har gidan wayar Japan ya tsai da karɓar waɗansu ƙunshin da za su can. Masu sha'awa na Amurka suka yi ta kuka a kan abin da mu muka tashi a cikinsa.

Bayan duk wannan, ƙunshi ya kan tsaya a Ikko ko Kano. Daga Kano zuwa Daura kuwa sama da mil 70 ne, sai a nemi ɗan'uwa ya karɓa ya ba direba a tasha, a ba direba na goro. Shi ya sa har yau hanyar da ta fi aminci ita ce ta kakanni, watau sautu: a ba ɗalibin da zai dawo hutu daga Malesiya ko Masar ko Ingila, ko ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai da Guangzhou, ya sako a cikin jakarsa.

Amma uwa uba ita ce Naira. A 1980 dala ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba. A farkon 2023 tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, da aka sake ta a watan Yuni na shekarar sai ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a 2024. A daidai wannan lokaci kuɗin Japan ma faɗuwa ya ke yi, har dala ta haura yen 161 a tsakiyar 2024, abin da ba a gani ba tun 1986. Amurkawa da Turawa suka yi ta murna kayan Japan sun yi araha, suna tururuwa zuwa Tokyo sayayya. Mu kuwa namu kuɗin ya riga nasu ƙasa, yen da ke wajen Naira uku da rabi ya koma goma. 'Yan'uwanmu na ƙetaren Kwangwalam ba su ga irin wannan ba, don sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai.

Abin da a ke yi a zahiri

Kowa ya san amsar. Yaro ya kan je shagon masu tura fim a waya, ya ba da 'yan canjinsa a cika masa katin waya, ko abokinsa ya tura masa kyauta. Riga da jakar makaranta masu hoton Naruto kuwa daga Sin su ke zuwa ta kasuwannin Kano, galibinsu ba da izinin mai zanen ba. A dokance wannan cin haƙƙi ne, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ta haɗa har da abin da a ke yaɗawa ta intanet.

Ba za mu wanke wannan ɗabi'a ba, don mun ga abin da ta yi a gida. Satar fasaha da turi suna cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa, har masu shiryawa suka koma YouTube da gidajen telebijin. A Japan ma waɗanda ke ƙasa su ke shan wuya. Wani bincike da ƙungiyar masu zanen majigi ta can ta fitar a 2015 ya nuna ƙananan masu zane, waɗanda ke cike tsakanin motsi da motsi, abin da su ke samu a shekara bai wuce wajen yen miliyan 1.1 ba, wanda ba ya riƙe mutum a Tokyo. Amma gaskiya ɗaya ce, kamfanin da bai kafa rumfa a kasuwa ba, bai sa wa hajarsa kuɗin da mutanen garin za su iya ba, bai kuma yarda ya aiko ba ko an biya, kukansa na cewa an hana shi ciniki yana da rauni. Kuma ko saurayin Daura ya sayar da akuyarsa ya sayi faifan yen 7,000, kaɗan ne daga ciki zai isa hannun mai zanen, don kwamiti ke rabawa, ɗakin zanen kuwa sau da yawa ɗan kwangila ne kawai.

Akwai hanyoyin halal masu sauƙi, ya kamata malamai su san su don su nuna wa yara. Tun watan Janairu 2019 kamfanin Shueisha, mai buga One Piece, ya buɗe MANGA Plus, inda a ke karanta babi uku na farko da uku na ƙarshe na littattafansa kyauta, ran da suka fito a Japan. Akwai Netflix, da ta iso Nijeriya a 2016, da Crunchyroll, wadda kamfanin Sony ya saya a 2021 a kan dala biliyan 1.175, inda a ke biyan kuɗin wata a kalli abin da a ke so. Sai dai haya ce, ba mallaka ba. Da aka rufe Funimation a watan Afrilu 2024 aka haɗe ta da Crunchyroll, mutanen da ke da finafinai ajiye a cikinta, waɗanda suka samu tare da faifan da suka saya, sun wayi gari babu su. Ga kuma kuɗin data, wanda Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. Iyaye kuma su lura, ba duk zane ne na yara ba. Fim ɗin Demon Slayer da muka ambata, a Amurka an sa shi cikin ajin da yaro ba ya shiga sai da babba, saboda yawan jini.

Saura maganar harshe. Duk waɗannan hanyoyi da Turanci ko Faransanci ko Larabci su ke zuwa. Alhali a Kano akwai gwanayen fassara, irin su Algaita, da suka mai da finafinan Indiya Hausa har tsofaffi na kallo, kamfanin Ubongo na Tanzaniya kuma ya sa wa zanensa na koyar da yara muryar Hausa. Ma'aikata dai akwai su. Abin da babu shi ne wanda zai je ya sayi izini daga kwamitin Tokyo, da kwamitin da zai ga dalilin sayarwa da rahusa.

An taɓa yin haka a wani wuri. A cikin 2022 Crunchyroll ta rage kuɗinta a ƙasashe kusan 100, a Indiya ta mai da shi ƙasa da rupi 100 a wata, watau kamar dala ɗaya, ta kuma fara sa wa finafinai muryar Hindi. Ta yi haka ne don ta ƙirga kawunan masu kallo a can ta ga sun isa a yi musu rangwame. Kamfanonin nan da rijista su ke aiki, kamar akawun haraji, wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin lissafi. Fim ɗaya da aka sauko da shi a wani shago a Daura ya kan shiga waya talatin kafin la'asar, ya ƙetara Mai'aduwa ran Lahadi, ya kwana a Damagaram, amma a littafin Tokyo ko mutum ɗaya ba a rubuta ya kalla ba.